Shara a Sabon Yashi

Gawar Sudin tana kwance rigingine a kan sabon yashi, ƙeyarsa a jikin bulon siminti, kuma babu sawun ɗan Adam ko ɗaya a kewayenta. Wannan ne ya tayar wa mutanen Selarik hankali fiye da mutuwar kanta. Abin da ke wurin kawai wata shimfiɗaɗɗiyar alama ce mai faɗin tabarma, ta tashi daga inda gawar take, ta yi ta lanƙwasa dama da hagu har ta shige cikin teku. Matar da ta fara gani ta ce mesa ce. Kafin rana ta ɗaga sosai labari ya girma, an ce wani abu ne ya fito daga ruwa ya karɓi ransa ya koma.

Dama mutanen garinmu ba su taɓa sakin jiki da yashin nan ba. Shekara da shekaru teku tana cin gaɓarmu, ta cinye bishiyoyin kwakwa, ta cinye filin ƙwallo, sai da baƙi 'yan yawon buɗe ido suka fara ƙauracewa sannan hukuma ta farka. Aka sa haraji a kan duk baƙon da ya kwana a masaukan garin, da kuɗin aka sayo yashi daga wani wuri da ba wanda ya sani, jirage suka yi ta dakonsa ana fesawa da bututu. Ya fito fari tas, gwanin kyau, amma tsofaffi suna cewa ba ya ƙanshin garinmu. Sudin ne ɗan gari da aka ɗora a kan aikin, kuma kwanan nan yana ta kafa turaku inda za a gina rumfuna da wurin wanka na baƙi.

Tsoro ya yi rana a safiyar Juma'ar nan, domin ba wanda ya yarda ya matsa kusa, saboda haka ba a tattake wurin ba. Saje Nordin, ɗan sanda ɗaya tilo da ke tsibirin, ya hau barandar wani masauki ya ɗauki hoton alamar da wayarsa, sannan ya aika a kira Pak Deraman, wato Baba Deraman a harshenmu.

Deraman mai bin sawu ne. Tun yana saurayi yake bin macen kunkurun teku zuwa inda ta binne ƙwanta, daga baya ya koma bin aladen daji da ke ɓarna a gonaki da baƙin da suka ɓace a tsauni. Ba ya son taro, ba ya son a yi masa magana yana aiki. Ya tuɓe takalmansa, ya tsuguna a gefen alamar, ya daɗe yana nazarinta.

"Aljani ne, Pak?" in ji Saje, yana ɗan murmushi.

"In aljani ne, to ya iya shara," in ji Deraman. "Reshen kwakwa ne. Mutum ya tafi da baya yana jansa, yana shafe sawunsa, har ya shiga ruwa. Haka muke ɓoye ramin ƙwai don kar ɓarayi su gani."

"To me ya sa bai miƙe ba? Ga ruwa nan kusa."

Deraman ya bi alamar da ido. Ta tafi kaɗan ta karya dama, ta sake tafiya ta karya hagu, a wani wuri ma ta yi zagaye kamar mai kauce wa rijiya, alhali babu komai a wurin sai yashi sumul. Ya tsinko tsinkayen ganyen kwakwa ya bi yana cakawa a kowace kwana.

"Ban sani ba tukuna," ya ce.

Sai wani daga cikin taro ya nuna gudumar da ke yashe kusa da gawar. An ɗaure ƙotarta da jar roba, kuma duk garin an san mai ita. Ta Jumadi ce, surukin Deraman.

* * *

Jumadi baƙo ne. Cikin ma'aikatan jirgin yashi ya zo daga ƙetaren ruwa, ya ga Suriani 'yar Deraman tana sayar da soyayyar ayaba, jirgi ya koma ba shi. Yanzu tana da tsohon ciki. Mutanen gari suna gaisawa da shi, suna cin kifin da ya kamo, amma ba su daina kiransa "na jirgin yashi" ba. Kuma jiya jiya, a gaban mai shayi, Sudin ya ce masa takardar zama ya aura ba mace ba, Jumadi ya cakumi wuyan rigarsa sai da aka raba su.

Saje ya rufe shi a ɗakin ajiya na gidan mai gari, ya ce don tsaron lafiyarsa ne, kuma gaskiya ya faɗa, domin 'yan'uwan Sudin sun fara taruwa a bakin hanya.

"Gobe da la'asar jirgin 'yan sanda zai zo daga babban gari," ya gaya wa Deraman. "In ba ka kawo mini wani ba, shi zan miƙa. Kuma ka san baƙo in ya shiga hannunsu, ko an sake shi ba nan za a dawo da shi ba."

Deraman ya leƙa ta taga. Jumadi na zaune a kan buhun shinkafa, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ina kake da asuba?"

"Bayan dutse, Baba. Jifan koma nake."

"Wa ya gan ka?"

"Kifi," in ji Jumadi, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Gudumar kuwa tun makon jiya Sudin ya ara. Ka tambayi Suriani."

"Maganar matarka ba za ta fishe ka ba. Ka taɓa sharar sawun kunkuru?"

"Ban ma taɓa ganin yadda ake yi ba." Ya ɗago kai. "Baba, in suka tafi da ni, yaron nan ba zai san fuskata ba."

Deraman ba ƙaunar Jumadi yake sosai ba, don har yanzu yana jin haushin yadda ya ɗauke masa 'ya cikin 'yan watanni. Amma ya san ƙaryar mutum kamar yadda ya san sawun alade mai ɗingishi, kuma wannan ba ƙarya yake ba.

* * *

Ya fara da Zahari, mai masaukin da ya fi kowanne girma, wanda bakinsa bai taɓa hutawa da zagin harajin ba. Ya same shi a baranda yana fifita da hularsa.

"Ni? In kashe Sudin?" in ji Zahari. "Pak, ka dubi tumbin nan. In na sunkuya in ja reshen kwakwa, sai an kira mutum huɗu su miƙar da ni."

"An ce ka rantse sai ka ga bayansa."

"Na rantse sai na ga bayan kowa, har da kai, ranar da aladenka suka cinye mini rogo. Ni nake tsayawa gaban baƙo ina karɓar harajin nan yana hararata kamar ɓarawo, sannan Sudin ya zo zai dasa rumfuna ya tare wa ɗakunana teku. Na zage shi, na ƙara. Amma da asuba ina sahun gaba a masallaci, liman ya ji tarina."

Liman ya ji tarin, haka ma rabin garin.

Daga nan ya nufi Ngah, abokinsa tun na yarinta. Wannan tafiyar ta fi masa nauyi. Ngah masunci ne, sabon yashi ya binne mashigar da yake jawo jirginsa tun zamanin kakansa, Sudin kuma ya hana shi ajiye jirgi a gaban baƙi. Kuma Ngah ya iya shara, tare suka koya.

Ya same shi yana ɗinkin taru a ƙarƙashin gidansa. Ngah bai ɗago ba.

"Ka zo duba ƙafata ne? Ga ta nan, har yanzu biyu ce."

"Ina kake da asuba?"

"A teku. Ni kaɗai, kafin ka tambaya. Yanzu sai na zagaya bayan gari nake sauka, kamar mai kai kayan sata." Ya ciji zaren ya tsinke. "Ban yi kukan Sudin ba, Deraman, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma uwarsa ƙanwar matata ce. Kana neman wanda za ka saka a madadin surukinka, shi ne ka tuna da ni."

"Ina neman wanda ya ja reshe yana tangaɗi kamar ya sha wani abu."

"To ba ni ba ne. Ni in na yi shara, miƙewa nake kamar igiya, kai ne kullum kake karkacewa."

Deraman ya tafi da zargin Ngah a ransa, kuma ya ji kunyar yadda zargin ya yi masa daɗi.

* * *

Da rana ta yi sanyi ya koma gaɓar. An ɗauke gawa, mutane sun watse, iska ta fara cike alamar, sai tsinkayensa ne ke tsaye. Ya tsaya a bakin ruwa ya juya baya ga teku, yadda mai sharar ya fuskanta, ya fara bin hanyar a hankali.

Mai maye ba ya karya kwana daidai haka. Mai ɗauke da kaya ma ba ya yi. Wannan mutum ne da ya san inda zai sa ƙafa da inda ba zai sa ba, kamar mai ratsa ɗaki cike da masu barci. Yana wannan tunanin ya ɗaga kai, sai ya ga hasumiyar masallaci ta daidaita da kututturen tsohuwar bishiyar da ke bakin hanya. Ya san wannan tsayuwar. Ya sha tsayawa daidai nan, hasumiya a bayan bishiya, da makara a kafaɗarsa.

Nan ce tsohuwar maƙabarta. Damina ɗaya teku ta shigo ta cinye ta, aka samu aka kwashe na tudu, na gangare kuwa ruwa ya riga kowa. Shekaru wurin yana ƙarƙashin teku, yara suna iyo a kai, har aka daina zancensa. Yanzu harajin baƙi ya mayar da shi tudu, fari sumul, ba dutse ba alama.

Ya sake bin tsinkayen. Kwanar farko, nan Tok liman, limaminmu na da, yake. Ta biyu, matan gidan mai gari, su biyu a jere. Zagayen nan mai faɗi, mahaifin Ngah ne, wanda aka yi wa kewayen katako. Mai sharar bai kuskure ko ɗaya ba. Da gawa a gabansa da tsoro a ransa, yana tafiya da baya, bai yarda ya taka kabari ba.

Jumadi ya fita, domin bai taɓa sanin an yi maƙabarta a nan ba. Deraman ya ji sanyi a ransa, amma sanyin bai daɗe ba, don ƙafarsa ta kawo shi ƙarshen hanyar, kusa da bulon da Sudin ya faɗa a kai. Turakun Sudin suna tafe a layi, sai a wuri ɗaya layin ya yi giɓi. An tuge turke ɗaya, an cike ramin, an lallaɓa yashin da tafin hannu yadda ake gyara wa yaro shimfiɗa. Ya durƙusa ya tona kaɗan da yatsa. Ƙasan da danshi, kuma yana ƙanshin ruwan fure irin wanda mata suke zubawa a kabari ranar Juma'a.

Bai buƙaci duban hasumiya ba. Shi da hannunsa ya saka Yusri a nan, ɗansu na fari, wanda zazzaɓi ya ɗauke tun bai isa shiga makaranta ba.

Ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi, sai ya bi tsinkayen nan ɗaya bayan ɗaya ya tsige su, ya watsa a teku.

* * *

A gida Suriani ta yi kuka har ta gaji ta kwanta. Lijah, matarsa, tana zaune a kan abin kankare kwakwa, tana ta kankara alhali kwanon ya cika har yana zuba. Tare suka yi aikin kunkuru shekarun farkon aurensu, shi yana tono, ita tana shara, kuma ta fi shi iyawa.

Ta zuba masa shinkafa da kifi. Ya ci loma biyu ya ture.

"Ka samu wani abu?" ta tambaya, ba ta dube shi ba.

"Iska ta shafe."

"Duka?"

"Duka. Gobe zan gwada wata dabara, ko Saje zai yarda ya saki yaron." Sannan ya ƙara da cewa, "Ke ki zauna a gida gobe. Ki kula da Suriani."

"Suriani ba za ta zauna ba."

"To ke ki zauna."

Ta ɗauke kwanon ta fita bayan gida. Ya ji tana wanke shi, tana sake wankewa. Tsoro ya kama Deraman irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban alade mai rauni, domin duk inda ya juya a ransa, mutum ɗaya na gidansa ne zai shiga jirgin nan.

* * *

Washegari bayan azahar Saje ya tara su a gaɓa kamar yadda Deraman ya roƙa: Jumadi, da Zahari, da Ngah. Garin kuwa ba a gayyace shi ba amma ya zo, maza a gaba, mata a inuwar bakin hanya, matar Sudin a tsakiyarsu an rirriƙe ta. Can gefe wasu baƙi suna kwance a kan tawul suna leƙe. Yashin ya koma sumul, kamar ba a taɓa mutuwa a kansa ba.

"Kowa ya tashi daga bulon nan ya je ya taɓa ruwa ya dawo," in ji Deraman.

"Tsere ne?" in ji Zahari. "In tsere ne na faɗi tun yanzu."

Ba wanda ya yi dariya. Zahari ya tafi yana haki, ya miƙe sak. Jumadi ya tafi, ya miƙe sak. Ngah ya harari abokinsa, ya tofar da yawu, shi ma ya miƙe sak ya dawo.

Sai Deraman ya nuna musu hasumiya da kututture, ya gaya musu a kan me suke tsaye. Ya karɓi wayar Saje ya bi hoton da yatsa, yana kiran sunan mai kowace kwana. Wasu suka fara ɗaga ƙafa suna duban ƙasa, suna ja da baya. Ngah ya dubi sawunsa da ya ratsa ta tsakiyar inda aka ce mahaifinsa yake.

"Na manta," ya ce a hankali. "Wallahi na manta."

"Wanda ya yi sharar nan bai manta ba," in ji Deraman. "Ɗan garin nan ne, kuma tsoho ne a cikinsa. Yaron nan bai san komai a kai ba. Ku sake shi."

"To wane ne?" in ji Pak Embong mai gari. "Dukanmu muna da mutane a nan."

"Sawu ya nuna mini wanda ba shi ba ne. Bai nuna mini wanda ya yi ba."

Wannan ce ƙaryar farko da Deraman ya taɓa yi a kan sawu, kuma ta fito masa da ƙyar. Wani ƙanen Sudin ya ce ai matar Jumadi 'yar gari ce, tana iya nuna masa. Wani ya ce suruki ne ke wanke surukinsa. Hayaniya ta fara tashi, kuma daga nesa an fara jin injin jirgin 'yan sanda.

Saje ya matso ya rage murya. "Pak, ni na yarda da kai. Amma su can guduma za su gani, da faɗan da aka yi a gaban shaidu. Ba zan iya kai musu yashi ba. Ka ba ni suna."

Deraman ya kawar da kai ya dubi teku. Saje ya jira, ya sake jira, sannan ya kama Jumadi a damtse. Suriani ta yunƙura daga cikin mata, ta zube a gwiwa tana kiran babanta.

A lokacin ne Lijah ta fito daga inuwa. Ta tuɓe takalmanta a bakin hanya ta jera su, ta gangara ta gefen taron har bakin ruwa, sannan ta juyo.

"Lijah," in ji Deraman. "Koma gida."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tako kaɗan ta karya dama, tana yi wa Tok liman sallama ƙasa-ƙasa. Ta karya hagu ta gaida matan gidan mai gari da sunansu. Ta yi zagaye mai faɗi a inda mahaifin Ngah yake. Babu tsinke, babu alama, farin yashi ne kawai, amma duk wanda ke wurin sai da ya ga maƙabartar ta dawo, layi bayan layi. Saje yana duban wayarsa yana dubanta, har ya saki hannun Jumadi bai sani ba.

Ta tsaya a giɓin turakun.

"Tun da aka zuba yashin nan nake zuwa duk Juma'a kafin gari ya waye," ta ce. "Shekaru ina tsayawa a bakin ruwa ina kallon inda yake. Da suka kawo yashi, kowa yana zagi, ni kuwa godiya nake, don na samu inda zan zauna kusa da ɗana. Jiya na zo na tarar da Sudin yana buga turke a daidai kansa. Ya ce nan baƙi za su riƙa wanke ƙafa."

Ta juya wajen matar Sudin.

"Bai yi mini rashin kunya ba, Rohana. Ya kira ni Mak, kamar uwarsa, ya ce ba kowa a nan, teku ta tafi da su tuntuni, yashin ma na wani gari ne. Wataƙila gaskiyarsa ce. Na riƙe turken, ya ja, na ja. Sai na ture shi da dukan ƙarfina." Ta dubi bulon. "Yana numfashi lokacin da na tafi. Na ji shi. Da na yi ihu, da wataƙila an same shi da rai. Ban yi ba, na tsaya gyara wa Yusri wuri, na ɗauki reshe."

Matar Sudin ta yi wani sauti ta sulale, mata suka tare ta. Suriani tana durƙushe ta kasa ko kuka, tana duban uwarta tana duban mijinta. Jumadi ya je ya ɗaga ta, shi kaɗai ne ya motsa a cikin maza.

"Ka sani tun jiya," in ji Saje, ba da faɗa ba.

"Na sani," in ji Deraman.

Jirgin ya iso ya kashe inji. Saje bai taɓa Lijah ba, ya tsaya nesa kaɗan yana jira, kamar mai jiran babbar yayarsa ta gama sallama. Ta dubi Jumadi ta ce ya yafe mata kwanan da ya yi a ɗakin shinkafa, ya sunkuyar da kai. Ta gaya wa Suriani inda ta ajiye zannuwan jariri. Sannan ta ɗago ta dubi mijinta, karo na farko tun jiya da safe.

"Zo nan, Abang, mijina. Ba nan ba, matso. Nan ne kansa." Ta kama hannunsa ta tsayar da shi a gefen wurin, ta gyara masa tsayuwa. "Mutane za su watse yanzu, kowa hankalinsa ba ya jikinsa. Kar ka bari a bi ta kansa."

"Zan raka ki jirgi."

"Na san hanya. Kai ka tsaya."

Ya tsaya. Yana kallo ta sake bin hanyarta mai kwana-kwana zuwa bakin ruwa, Saje na biye da ita yana sa ƙafa daidai inda ta sa. Aka kama hannunta ta hau, jirgin ya juya. Taron ya watse ta gefe-gefe, kowa yana raɓawa ta bakin hanya, ba wanda ya yarda ya ratsa tsakiya.

Can wata baƙuwa ta taso daga inda suke kwance, da ɗanta ƙarami riƙe da bokitin wasa da ɗan cebur. Ba ta san abin da aka yi ba. Ta yi wa tsohon murmushi, ta nuna yashin da ke gaban ƙafarsa, mai laushi, alamar ko yaron zai iya wasa a nan. Deraman ya buɗe baki, ya rasa da wane harshe zai gaya mata. Sai ya girgiza kai, ya zauna a ƙasa, ya kewaye wurin da hannuwansa biyu.